Sawu Biyu a Bayan Danga

Ranar Juma'a mayafin Fatna ya ɓata, tsakanin hawan liman mumbari da sallamewa, lokacin da mazan unguwar Hausawa ta bakin garin Gadarif, a ƙasar Sudan, suke masallaci. Kafin su gama laluben takalmansu a ƙofa, labari ya riga su isa gida. Kafin la'asar kuwa har an sami ɓarawo an yanke masa hukunci, shaida kawai ta rage a nemo. Haka unguwar take, Allah ya shirye ta.

Fatna baƙuwa ce. Yaƙi ne ya koro ta daga Omdurman a shekarar 2023, bayan ya cinye mata miji da gida da shagon yadi. Haliima mai tuyar kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan, ta ba ta rumfa a bayan gidanta. Abu ɗaya ta tsira da shi mai daraja, mayafin da mijinta ya sayo mata shekarar aurensu, saƙar hannu ta mutanen Kashmir, alharini da ulun awakin dutse. Launinsa na madarar da aka ɗiga wa shayi, bakinsa furanni ja da shuɗi da ruwan ƙwai, kuma ba ɗinka su aka yi ba, a cikin saƙar suke. Sau ɗaya ta yafa shi a unguwar, ranar sunan jikan Abdulƙadir shugaban kwamitin unguwa, aka yi mako ana zancensa.

Wanda aka kama Tasfai ne, masaƙi ɗan Habasha da ya baro sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba ya kafa masaƙarsa a gindin wata bishiyar bedi. Laifinsa uku: ba ya zuwa masallaci, ba shi da kowa, kuma ranar sunan an gan shi yana shafa bakin mayafin. Mutane suka ce ai biri ya yi kama da mutum. Aka kulle shi a ɗakin ajiyar dawa na Abdulƙadir, aka ce gobe da hantsi za a miƙa shi ga hukuma. Kowa ya san abin da hakan ke nufi ga baƙon da ba shi da takarda a shekarun yaƙi. Ana shiga da mutum, ba a cika jin labarin fitowarsa ba.

Haliima ce ta ce a kira Cindo, don ta ga ana neman a bar jaki a daki taiki.

Cindo tsohon mai bin sawu ne. A zamaninsa ya bi raƙuman sata daga Doka har bakin iyaka, ya dawo da su da ɓarayin a ɗaure. Yanzu an ce zamanin waya ne, babu mai nemansa sai in akuya ta ɓata. Matarsa Fatiha ta rasu shekara shida ke nan, 'ya'yansa biyu suna can bakin teku suna aika gaisuwa sallah sallah. Mutane ba sa son zama da shi sosai, domin ba ya kallon fuska, ƙasa yake kallo, kuma babu mai son a san inda ya kwana. Mutum ɗaya ne ke jure masa, Suleiman mai sayar da albasa, wanda suke shan jabana, gahawar Sudan, tare kowace yamma tun kafin furfura ta same su.

Da ya iso gidan Haliima ya tarar an tattake tsakar gidan kamar an yi sussukar dawa.

Ya ce, "Haliima, kin kira ni in bi sawu ko in ƙirga mutanen unguwa?"

"Baba Cindo, ni na hana su? Kowa ya zo jaje."

"Jaje da ƙafa arba'in. To, madalla."

Ya sami Fatna zaune a bakin gadon igiya, hannuwanta a cinya. Ba kuka take ba, kuma hakan ya fi kukan ba shi tausayi. Da Larabci suka yi magana.

"Ina kika shanya shi, 'yata?"

"A igiyar can, jikin danga, cikin inuwa. Ba wanke shi na yi ba, ya Ammu, ban taɓa wanke shi ba. Damina ce, na ce ya sha iska kada ya yi fumfuna. Muna madafa ni da Haliima, na fito na ga igiya kawai."

"Wa ya taɓa nuna yana so?"

"Jibril mai yadi ya zo sau biyu in sayar masa. Na ce ba na sayarwa ba ne."

"Habashin fa?"

"Izini ya nema kafin ya taɓa. Ni ban ce shi ba ne. Ƙamshin turaren mijina yana jikinsa har yanzu. Ba ni da hotonsa, ba ni da kabarin da zan je. Shi ke nan abin da nake da shi."

Cindo bai iya irin wannan maganar ba. Ya zagaya bayan dangar kara, inda babu mai bi saboda taɓo. An yi ruwa ranar Alhamis, baƙar ƙasar Gadarif kuwa in ta sha ruwa takan ƙwace wa mutum takalmi, shi ya sa duk mai hankali yake cire nasa ya riƙe a hannu. Nan ya ga sawu biyu, daidai saitin igiyar. Rabin ƙafa ne kawai, babu dunduniya, alamar mai su ya yi ɗage ya miƙa hannu ta saman danga. Gaba da nan garken awaki ya bi ya shafe komai.

Ya durƙusa ya daɗe. Ƙafar babban mutum ce, mai shekaru, mara nauyi. Amma abin da ya tsayar da shi shi ne babban yatsa. A ƙafar dama da ta hagu duka, ya ware daga ɗan'uwansa, tazarar da mutum zai sa babban yatsan hannunsa a ciki. Takalmin soso yana buɗa yatsu, amma ba haka ba. Ya karɓi tasa biyu wurin Haliima ya kife sawun, ya ce duk wanda ya ɗaga su shi ne ɓarawon.

Jibril ne Cindo ya fara nema. Ya same shi a rumfarsa ta kasuwa yana auna wa wata mata yadi, yana satar rabin taƙi kamar yadda ya saba.

"Ahlan, Baba Cindo. Yadin likkafani ko na angwanci?"

"Ƙafarka na zo gani."

Jibril ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce shi a sahun farko ya yi salla, liman ma shaida ne, kuma in da sata yake yi ai da ya wuce rumfa ɗaya. Amma ya cire takalmin. Ƙafa ce mai kitse, yatsun a cunkushe kamar 'yan tsaki a akurki.

Jibril ya ce, "Wallahi na so mayafin nan. A Hartum kafin yaƙi, irinsa sai matan manya. Amma ka sani, wanda ya ɗauka ba zai iya sayar da shi a garin nan ba. Duk mai yadi zai gane shi. Ko dai mahaukaci ne, ko ba don kuɗi ya ɗauka ba."

Cindo ya tafi da wannan maganar, ko da yake bai so a ce daga bakin Jibril ya samo abin amfani ba.

Abdulƙadir ya buɗe masa ɗakin dawa yana gunaguni. Tasfai na zaune a kan buhu, siriri, leɓensa a fashe inda wani mai kishin unguwa ya gaisa da shi. Larabcinsa gutsi gutsi ne. Cindo ya sa shi ya miƙe ya taka ƙurar ƙasan ɗakin. Ƙafa doguwa, yatsu a haɗe. Ko makaho ya shafa ya san ba ita ba ce.

"Me ya sa ka taɓa mayafin ranar suna?"

"Ni masaƙi. Masaƙi ba ya gani da ido, da hannu yake gani." Ya ɗaga yatsunsa. "Na taɓa, ban yi barci ba kwana biyu. Yaya aka sa fure cikin zare? Wanda ya san saƙa, abin nan zai dame shi. Wanda bai sani ba, kyau kawai zai gani."

"Da ƙafa kake aiki a masaƙarka?"

"Cikin rami. Katako biyu, ina takawa da tafin ƙafa, haka, haka."

Da tafin ƙafa. Cindo ya tsaya yana kallon ƙasa, sai wani tsohon abu ya taso masa. Masaƙar Hausa ba ta da rami, ba ta da katako. Igiya biyu ce ke saukowa, kowace da 'yar sakaina a bakinta, masaƙi ya maƙale ta tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya ja dama, ya ja hagu, tun yana yaro har ƙashin ya saba. Yana ƙarami akwai irin masaƙan nan goma sha a unguwar, waɗanda iyayensu suka taho da sana'ar daga yamma a hanyar Makka. Yadin kanti ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rage ya naɗe masaƙarsa shekara ashirin da suka wuce, ya koma sayar da albasa, har mutane suka manta ya taɓa riƙe ƙoshiyar saƙa.

Kuma yau a masallaci, wurin da Cindo ya saba tsare masa a gefensa, wani baƙo ne ya zauna.

Ya fito ya ce wa Abdulƙadir, "Ba ƙafarsa ba ce. Sake shi."

"To ƙafar wa ce?"

"Ba tasa ba ce, na ce."

"Baba Cindo, ka ga mutanen can? In na sake shi hannu banza, su za su yi masa abin da ya fi hukuma. Za su ce aiko wani ya yi. Ka kawo min mai ƙafar kafin hantsi, halas, in buɗe ƙofa da hannuna. In ba haka ba, mota na zuwa."

Bai yi ƙarya ba, kuma abin da ya ƙara ɓata wa Cindo rai ke nan.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa ƙofar Suleiman. Tabarma na shimfiɗe kamar kullum, jabana na kan garwashi, ƙamshin citta na tashi. Suleiman na zaune, ƙaramin tsoho mai fararen gira, ya tanƙwashe ƙafafu ya rufe su da riga. Takalmansa na fata ba sa bakin tabarma. Suna ƙafarsa.

"Ban gan ka a masallaci ba."

"Na makara. A waje na yi."

Suleiman ya zuba masa a finjali. Suka sha na farko babu magana. Shekara talatin suna shan shirun nan tare kuma bai taɓa yi wa Cindo nauyi ba sai yau.

Cindo ya ce, "Gobe zan sa a share fili a yayyafa ruwa. Kowane namiji zai taka."

"Kowa da kowa?"

"Har ni."

"Ai aikinka ne."

"Yaron nan ɗan Habasha, in suka tafi da shi ba zai dawo ba, Sule."

"Na sani."

Cindo ya juya finjalin a hannunsa. Bai taɓa roƙon wanda yake bi ba, bai san ta inda ake farawa ba. "Da mai ƙafar zai jefa mayafin ta saman danga kafin gari ya waye, da sai in ce tsufa ya ci min ido. In ce sawun tsoho ne, na wani mai yankan ciyawa. Kowa ya huta."

Suleiman ya ce, "Ba kowane abu ne ake mayarwa yadda aka ɗauko shi ba, Cindo."

Aka kira magariba. Suka tashi, kowa ya bi hanyarsa, abin da ba su taɓa yi ba.

Da safe babu abin da aka jefo ta saman danga. Aka share filin ƙofar gidan Abdulƙadir, aka yayyafa ruwa har ƙasa ta yi laushi. Maza suka yi layi suna cire takalma, ana wasa da dariya, don kowa ya san ba shi ba ne. Mata suka tsaya jikin katanga, Fatna a ƙarshensu. Aka fito da Tasfai ya fara takawa, sai Jibril, sai Abdulƙadir da kansa, sai sauran. Cindo na tsugune da sandarsa, kowa ya wuce ya ce, "Wuce."

Suleiman ne na ƙarshe. Wani ya ce, "Haba, a bar Baba Sule mana, shi da ko akuya ba ya iya kora." Bai saurare shi ba. Ya cire takalman ya ajiye su a jere, ya taka a hankali, bai naɗe yatsu ba, bai ja ƙafa ba. Ya kai ƙarshe ya tsaya, bai juyo ba.

Cindo ya dubi sawun. Yana iya cewa wuce. Babu mai ido a filin nan da zai ƙaryata shi, kuma da yamma jabana za ta hau wuta kamar kullum. Ya ji ƙarar mota daga bakin titi, ko ta hukuma ce ko ba ita ba ce, bai sani ba. Ya ɗaga kai ya ga Tasfai na kallonsa, kallon wanda ba shi da wani a duniya sai tsohon da bai ma san sunansa ba. Cindo ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da gawar Fatiha.

Ya ce, "Suleiman, ƙafarka ce."

Suleiman ya juyo, ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da ƙunshin farin ƙyalle. Da shi ya zo. Ya taka har gaban Fatna ya durƙusa ya kwance.

Mayafin ne, amma kusurwa ɗaya, kamar faɗin tafin hannu, babu furanni. Zaren tsaye ne kawai a wurin, tsirara. Zaren da aka zare kuwa ga su nan a naɗe a jikin tsinken tsintsiya, ja daban, shuɗi daban, ruwan ƙwai daban, tsinke goma sha bakwai, ko ɗaya bai tsinke ba.

Ya ce, "Tun ina shekara bakwai nake saƙa. Ubana masaƙi, kakana masaƙi. Na ɗauka babu abin da zare zai yi da ban sani ba. Ranar suna na ga wannan, 'yata, na koma gida na kasa cin abinci. Na ce in ɗauka in duba, kafin a sauko daga masallaci in mayar. Na duba ban gane ba. Na ce bari in zare ɗaya in ga inda ya bi. Ɗaya ya kai ni ga na biyu." Ya share fuska da hannun riga. "Na gane yadda suka yi. Wallahi na gane. Da na zo mayarwa, ido ya ƙi, yatsu suka ƙi. Hannun albasa ne yanzu, yana kama alharinin yana ja."

Fatna ta ɗauki mayafin ta kai fuskarta, ta daɗe a haka. Da ta sauke ta ce, "Da ka tambaye ni, ya Hajj."

"Da kin ba ni in gani. Ba za ki ba ni in warware ba."

"Ka bari a daki wannan bawan Allah."

"Na bari. Wannan ba ni da amsarsa."

Masu kishin jiya suka fara hayaniya, don kunya in ta rasa wurin zuwa faɗa take zama. Fatna ta ce ita ba za ta kai kowa ko'ina ba, ta ga abin da ya ishe ta na kai mutane. Ta miƙa wa Tasfai kusurwar ta tambaye shi ko zai iya. Ya duba gaba da baya, ya girgiza kai. Ya ce abin da zai iya shi ne ya kama bakin don kada ya ci gaba da warwarewa, furen kam ya tafi. Babu wanda ya ba shi haƙuri. Haliima ce kawai ta kawo masa kisra da miya a kwano, ta tsaya har ya cinye.

Suleiman ya sa takalmansa ya wuce ta gaban Cindo, kusa har rigarsa ta taɓa sandar. Bai dube shi ba, shi ma bai ɗaga kai ba.

Washegari bayan asuba Cindo ya je gidan Suleiman. Ya shirya abin da zai faɗa tun a hanya, ko da yake bai fi kalma huɗu ba. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciya ta ce ya tafi garin Fau wurin 'yarsa, bai ce ga ranar dawowa ba.

Sawun na nan a kan raɓa, takalmin fata mai cinyayyiyar dunduniya, dama ta fi nutsewa saboda jaka. Cindo ya bi, don ba shi da wani abin da ya iya. Sawun bai miƙe zuwa titi ba. Ya karkata ta lungun masallaci, ya bi bayan injin niƙa, ya zo ya tsaya a ƙofar gidan Cindo, inda shi da kansa ya fito ɗazu bai duba ƙasa ba, karo na farko a rayuwarsa. Ƙafa biyu a jere suna fuskantar ƙofar, sun nutse sosai, ga shatar jaka inda aka ajiye ta. Mutumin ya daɗe a tsaye. Akwai taku ɗaya gaba, daidai inda hannu zai kai ga ƙyaure, sannan ya koma baya.

Daga nan sawun ya miƙe, bai ƙara tsayawa ba, har bakin kwalta inda manyan motocin Fau suke lodi. Cindo ya tsaya a wurin har rana ta fara zafi, masu shayi suna ta yi masa tayi yana cewa alhamdulillahi. Sannan ya juya gida, yana bin gefen hanya don kada ya taka.